Ƙauyen Eyam na ƙasar Ingila

 Yau za mu je ƙasar Ingila, wani ƙauye na jihar Derbyshire. Ana rubuta sunansa Eyam, ana faɗinsa Im. Mutanensa kamar 1000 ne.

A shekarar 1665 annoba ta faɗa wa birnin Landan. Aka aiko wa wani maɗinki na Eyam ƙunshin yadi daga can. Ashe akwai ƙuma masu ɗauke da cutar a ciki. Mutumin da ya kwance ƙunshin shi ya fara mutuwa.

A wancan zamani, harkokin ƙauye suna hannun coci. Limamin cocin, William Mompesson, ya tara jama'a a 1666. Suka yi shawara mai wuya: ba mai fita, ba mai shiga, don kada cutar ta kai garuruwan maƙwabta. Kowane gida ya binne mamatansa da kansa. Addu'a ma a fili ake yin ta. Maƙwabta suna ajiye abinci a bakin iyaka. Ƴan ƙauyen kuma suna sa kuɗi cikin ramukan wani dutse da aka cika da ruwan tsami.

Mutum 260 ko fiye suka mutu cikin wata 14. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da ƴaƴanta 6 cikin kwana 8. Amma jama'a ba su warware alkawali ba. Har yau ana taron tunawa da su ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta.

A 1894 wata doka ta karɓe mulkin ƙauyuka daga hannun coci, ta ba majalisar ƙauye. Mazauna ƙauye ke zaɓen wakilanta kowace shekara 4. Majalisa tana da magatakarda mai rubuta abin da aka yanke. Tana samun ɗan rabo cikin harajin gidaje. Irin wannan majalisa tana kula da filin wasan yara da hanyoyin ƙafa. In za a yi sabon gini, tana faɗin ra'ayinta. Manyan hanyoyi kuwa aikin babbar majalisa ne.

Ƙofar taronta a buɗe take, kowa na iya zuwa ya saurara. Wanda ya iya karatu yana duba takardar taro, ya ga inda kuɗinsa ya tafi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.