Kafin Ki Sayi Fili, Ki Duba Sunan Wa Ke Kan Takarda

'Yan'uwana mata, yau zancenmu na fili ne. Duk mai zaune a Dirin Daji, cikin ƙaramar hukumar Sakaba a ƙasar Zuru, ta ga yadda gari ya cika tun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu. Masu gudun hijira sun shigo, ɗakin haya ya yi wuya, gonakin bakin gari kuwa ana ta yanka su fuloti-fuloti.

To, yaya talaka ke samun fili? Ba ya zuwa ofis. Dillali yake nema, dillali ya kai shi wurin mai gona, a yi ciniki, a biya la'ada, a kai wa mai unguwa goro ya shaida. Ni ban ga laifin wannan hanya ba, gama ita ce mai sauƙi, har akan yarda mutum ya biya kaɗan-kaɗan. Amma akwai rami a ciki, mu mata kuwa mu ne muka fi faɗawa.

Wata maƙwabciyata mai ƙuli-ƙuli ta shekara uku tana zubin adashi. Da ta kwashi kuɗinta sai ta ba maigida ya saya mata fili, don kunyar zama gaban maza. Aka rubuta sunansa. Da Allah ya yi masa rasuwa, dangi suka sa filin cikin gado. Abin da ta samu ita da kishiyarta tumuni ne, watau kashi ɗaya cikin takwas, a filin da guminta ya saya. Alhali shari'a ba ta hana mace mallakar dukiyarta ba. Shaida ce kurum ta rasa.

Ku sani, dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Shi ke ba da takardar mallaka a birni, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama na gargajiya. Takardar dillali ba ta kai waɗannan ƙarfi ba, amma ta fi babu nesa ba kusa ba.

Saboda haka, in za ki saya, a rubuta sunanki da na mahaifinki, da kuɗin da kika biya, da maƙwabtan filin gabas da yamma, kudu da arewa. Shaidu su sa hannu, a cikinsu har da ɗan'uwanki na jini. Ki bincika ko gonar gado ce, don in magaji ɗaya ya sayar ba da sanin sauran ba, rigima na nan tafe. Sa'an nan a kai takardar ofishin filaye na ƙaramar hukuma. Ko ɗaki guda na laka ki tayar, gama filin da aka bari fayau shi akan sayar sau biyu.

Ku kuma 'yan makaranta, ga ranar karatunku. Ran da iya za ta dangwala yatsa, ki karanta mata takardar da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, ko da dillali yana cewa sauri yake yi.