Lissafin da ke cikin faifai da tabarma

Ƴan uwa mata, ku dubi faifan da ke rufe da ƙwaryar furarku. Zane ɗaya ne mai saƙa ta yi ta maimaitawa, tana juya shi kewaye da cibiya har ya zagayo inda ya faro. A tabarma gusar da zanen ake yi, layi bayan layi. Mai ƙunshi kuwa, in ta gama hannun dama, sai ta mayar da shi a hagu kamar ana kallon madubi. Yaranmu na kwaleji suna koyon wannan a darasin lissafi. Mu a hannu muka same shi.

Juyawa, gusarwa da madubi ba su ƙara wa zane girma, ba su rage shi. Sai dai madubi na da wayo: dama takan koma hagu. Mai ɗinkin da ta yanka hannun riga biyu a yadi mai fuska ɗaya, ba ta ninke shi fuska da fuska ba, ba ta kifa takardar awo ba, hannun dama biyu za ta samu. Yadin mutane kuma ya tafi.

Inda kuɗi ke zubewa da gaske shi ne wajen ƙara girma. A ce kina saƙa tabarma mai faɗin mita 1, tsawon mita 2, kina sayarwa jika 2. Wata ta zo ta ce: "Hajiya, irin wannan nike so, amma ninki biyu, tsawo da faɗi." Kika ce jika 4, kina murna an yi ciniki. To tsaya! Shimfiɗa ƙananan tabarmi a tsakar gida har su cika mita 2 da mita 4, ki ƙirga. Huɗu za su shiga. Kabar huɗu ce, rinin huɗu ne, kwanakin zama da ciwon baya ma haka. Kuɗinta jika 8 ke nan. In ninki 3 aka ce, tabarmi 9 ne.

Bakin tabarmar kaɗai, wato kewayenta, shi ne ke ninkuwa sau biyu, daga mita 6 zuwa 12. Ina jin shi ke ruɗin ido.

Haka abin yake ga zanen gado da labule da sirfani. Wadda ta ɗauki bashin asusu don sayen kaba ko zare, ranar zubi ba za a rage mata ko dala ba don ta yi kuskuren awo. Kafin ki faɗi kuɗi, tambayi mai saye: tsawon kaɗai za a ƙara, ko har da faɗin?