Me ya sa ake shuka dangin wake a gonakin kwakwar manja?

Kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya daga Indonesiya da Maleziya yake fitowa. A can ana dasa itatuwan kwakwa kimanin 143 a hekta guda, da tazarar mita 9, kuma sai sun kusa shekara 3 kafin su fara ƴaƴa. Kafin nan ƙasa tana fili: ruwan sama mai ƙarfi yana kwashe ta, tofa kuma tana mamaye gona.

Don haka manoma ke shuka tsirrai masu yaɗo, dangin wake, irin su Pueraria da Mucuna bracteata. Ganyensu yana rufe ƙasa, ya riƙe danshi, ya hana ciyawa fitowa. Saiwarsu kuma tana tara sinadarin azot daga iska, kamar yadda wake ke yi a gonar gero, abin da ke rage kuɗin takin zamani.

Amma akwai sharaɗi. Mucuna tana da saurin yaɗo. Idan ba a riƙa sare ta kewaye da gindin kowace ƙaramar kwakwa ba, sai ta haye ta, ta danne ta. Abin da aka rage a taki, wani ɓangarensa yana tafiya wajen biyan ma'aikata.