Ko Kun Sani? Sawu Guda, Addinai Huɗu

A tsibirin Siri Lanka akwai dutse mai tsayin mita 2,243, wanda mabiya addinai huɗu ke girmama alamar sawu guda da ke ƙololuwarsa: Musulmi da wasu Nasara suna riwayar cewa sawun Annabi Adamu ne, alaihis salam, mabiya Buda suna jingina shi ga Buda, 'yan Hindu kuwa ga Shiba. Mashahurin matafiyi Ibn Baɗuɗa ya hau shi a 1344, ya kuma bayyana sarƙoƙin ƙarfen da maziyarta ke kamawa. Har yau baƙi kan tasam ma hawan cikin dare, daga Disamba zuwa Mayu, domin su tsira daga zafin rana, su riski ketowar alfijir a bisa.