Ledar cin abincin gidanku ba abin kunya ba ce

Ki faɗi gaskiya 'yar'uwa, sau nawa kika tsaya kan hoton falon wata amarya a Instagram, tebur mai kujeru shida an lulluɓe shi da ƙyalle mai sheƙi, farantai a jere kamar a otal, kika ji ledar cin abincin gidanku ta fita ranki? Kai ma ɗan'uwa daina dariya, ai mun ga yadda kake karkata waya don kar tabarma ta fito idan za ka ɗauki hoton tuwo.

To mu dawo gida. Daga Maigatari zuwa Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, yawancinmu a ƙasa muka tashi muna cin abinci. A share tsakar gida, a shimfiɗa tabarmar kaba, a ɗora leda, a kawo tuwon gero da miyar kuka an rufe da faifai saboda ƙuda da ƙura. Aikin da ƙyallen tebur yake yi wa Bature, shi wannan shimfiɗar take yi mana: ta raba abinci da datti, ta tare abin da ya zube, ta kuma sanar da kowa cewa lokacin ci ya yi. Ba mu kaɗai ba ne ma. Larabawa da Turkawa suna da tasu shimfiɗar ta ƙasa da suke kira sufra, kuma duk azumi a kan irinta dubban mutane suke buɗa-baki a Masallacin Annabi da ke Madina.

Matsalar tana farawa ne wurin kayan ɗaki. Yarinya ta ga tebur a waya, ta kafe sai an saya mata. Uba ya sayar da rago, uwa ta ɗauki adashin da ba ta gama zubi ba. A kai teburin ɗaki da falo, ya cinye rabin wuri. Bayan wata uku ki leƙa: ya koma ma'ajiyar fulas da kwanuka, ango da amarya kuwa suna ƙasa kan leda suna cin shinkafarsu hankali kwance. Bashin kuma yana nan. Mai hali ya sayi tebur, ba laifi, ko ragowar atamfa tela ya kalmashe wa baki ta isa ta rufe shi, kuma tana wankuwa. Marar hali kuwa, daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da ya fi tebur muhimmanci shi ne yadda kuke kula da shimfiɗar. Ledar da ta tsufa ta tsattsage, maiƙo da ɓarɓashin abinci suna maƙalewa a tsagar, gogewa da tsumma ba ta fitar da su. A wanke ta da sabulu, a shanya a rana, sannan a naɗe. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma siririyar ledar nan ta biki da walima, wadda ake shimfiɗawa sau ɗaya a watsar. Iska ta kwashe ta, akuya ko saniya ta ji ƙanshin mai da gishiri ta haɗiye. Leda ba ta narkewa a cikin dabba, taruwa take a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa. Tambayi mahauta abin da suke tararwa. A garin da duk ranar Alhamis fatake daga Nijar da kudancin Najeriya suke cika kasuwa saboda shanu da raƙuma da tumaki, wannan dukiyarmu muke kashewa da hannunmu. Tabarma da faifai kuwa daga ganyen goriba suke, idan sun tsufa ƙasa ce ke cinye su, kuɗinsu kuma aljihun masu saƙa na ƙauyukanmu yake shiga.

Yanzu a gidaje da yawa kowa ɗaukar kwanonsa yake ya shige ɗaki, hannu ɗaya a tuwo ɗaya a waya. Daren yau gwada wani abu: ɗauko shimfiɗar da kanka, kira ƙannenka, kife wayar har a suɗe kwano. Idan hoton ya zama dole, ɗauka har da tabarmar.