Tauhidin Fasto Shi Ke Tsara Rayuwar Ikkilisiya

Duk wanda ya shiga majami'ar ECWA ko COCIN a wani ƙauye na Filato ko Kudancin Kaduna ranar Lahadi zai ga tsari kusan iri ɗaya. Mawaƙa su yi nasu, 'yan Zumuntar Mata sanye da anko su kaɗa tulu da caki su zauna, a karɓi baiko, sannan majami'a ta yi tsit. Fasto ya hau mumbari ya faɗi sura da aya, sai ka ji motsin takardu ta ko'ina, kowa na neman wurin a Littafi Mai Tsarki da ke cinyarsa. Wa'azin nan shi ne ke cin kaso mafi tsoka na sujada. Wasu na ɗauka al'ada ce kawai da aka gada daga 'yan mishan, alhali kuwa koyarwa ce ta haife shi. Ra'ayina shi ne, abin da ikkilisiya ta gaskata game da Allah da mutum da ceto shi ke yanke yadda fasto zai yi kiwo, saboda haka ilimin tauhidi ba ado ba ne da za a bar wa malaman makaranta.

Ikkilisiyoyin bishara sun gaji wasu aƙidu daga gyaran da Martin Luther ya fara a Jamus a 1517, kuma babba cikinsu ita ce Littafi Mai Tsarki shi ne ma'auni na ƙarshe, sama da maganar kowane shugaba. Wanda ya yarda da haka dole ya koya wa mutane karatu, domin littafin da ba a iya karantawa ba zai yi wa kowa alƙalanci ba. Shi ya sa 'yan mishan na SIM, waɗanda jagororinsu uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas a 1893, da takwarorinsu na SUM da Karl Kumm ya kawo yankin Wase a 1904, suka ɗora aikinsu a kan azuzuwan karatu da fassara. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya taka rawa sosai a cikinsa. Daga nan Hausa ta zama harshen sujada ga Berom da Bajju da Tangale da sauran ƙabilu masu yawa, kuma manomi ya sami damar da ba ƙarama ba: ya bi fasto aya-aya, ya tambaye shi inda ya samo maganarsa.

Aƙida ta biyu ita ce kowane mai bi yana da hanya kai tsaye zuwa ga Allah, kuma yana da rabonsa na hidima. Wannan ce ta sa fasto a waɗannan ikkilisiyoyi ba shi ne mai wuƙa da nama ba. Dattawan da jama'a suka zaɓa suna zama tare da shi a kan kuɗi da horo da rikicin aure, majalisar gunduma kuma tana iya yi masa canjin wurin aiki. Ita ce kuma ta sa tun 1948, kafin ma ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira EMS, suna tura masu bishara da kuɗin baikonsu.

Amma inda tauhidi ya fi fitowa fili shi ne gidan makoki. A ɗauki uwar da zazzaɓi ya ɗauke wa ɗa. Faston da ya koyi cewa lafiya da arziki hakkin kowane mai bi ne, muddin ya shuka iri kuma bangaskiyarsa ta cika, ba shi da abin faɗa mata face abin da zai ƙara mata ciwo, domin ko ya furta ko bai furta ba, koyarwarsa ta riga ta ɗora laifin a kanta. Wanda kuwa ya yi zurfi a koyarwar gicciye, ya san cewa Almasihu kansa ya sha wuya kuma Ayuba bai rasa 'ya'yansa don zunubi ba, zai iya zama a tabarma kusa da ita, ya yi shiru inda ya kamata, ya yi mata maganar tashin matattu ba tare da ya nemo wata tsohuwa ya ce ita ce mayya ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, misali ce babba na yadda koyarwa ke bayyana a lokacin wahala. An dasa ta a Garkida a 1923, kuma ta gaji aƙidar ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa daga ikkilisiyar da ta haife ta a Amurka. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, mafi yawansu 'ya'yanta, a watan Oktoba kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos. Duk da haka ba su kira mabiyansu zuwa fansa ba, har ma agajin da suka raba ya kai ga maƙwabtansu Musulmi. Irin wannan hali ba ya zuwa a ranar masifa sai an daɗe ana koyar da shi.

Akwai masu cewa tauhidi kayan Turawa ne, amsoshin tambayoyin da Bajamushe ya yi, ba waɗanda ke damun mutumin Kagoro ba. A maganar akwai gaskiya, domin littattafan da aka fi karantawa a makarantun horon fastoci ba su cika taɓa maita ko auren mace fiye da ɗaya ko zaman tare da Musulmi ba. Sai dai maganin wannan shi ne a yi tauhidin a gida. Byang Kato, ɗan Kwoi da aka haifa a 1936, wanda ya riƙe babban sakataren ECWA sannan ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka daga 1973 har rasuwarsa a teku kusa da Mombasa a 1975, ya nace cewa Kiristanci tsohon ɗan gida ne a nahiyar nan, wadda ta haifi malamai irin su Atanasiyus na Iskandariya da Agustin na ƙasar da yau take Aljeriya. Masana irin su Kwame Bediako na Gana sun ga cewa Kato ya tsananta wa addinan gargajiya fiye da kima, kuma wannan muhawara kanta hujja ce cewa 'yan Afirka sun karɓi ragamar tunanin.

Wasu kuma na cewa kira da Ruhu Mai Tsarki sun isa, ai tsofaffin masu bishara da suka buɗe ƙauyuka da keke ba su da digiri. Haka ne, amma sun zauna a makarantun Littafi Mai Tsarki irin ta Kagoro, sun san littafinsu ciki da bai. Babu faston da ba shi da tauhidi. Wanda bai koya a aji ba zai tsinta a talabijin ko a Facebook, inda ba mai tace masa. Ƙorafin da ya fi nauyi a ganina shi ne na masu cewa ɗalibi kan fito daga makarantar tauhidi irin TCNN ta Bukuru ko JETS ta Jos da Turanci mai yawa, ya kasa yi wa tsohuwa bayanin alheri da harshen da take addu'a da shi, ko ya ƙi zaman ƙauye. Wannan gazawa ce ta gaske, kuma a wuyan makarantu da majalisun ikkilisiya take.

Don haka kira nake ga dattawa da majalisun gundumomi: ku ware kaso daga baikon godiyar kaka don ɗaukar nauyin ɗalibai, ku nemi makarantu su koyar da wa'azi da Hausa da sauran harsunan gida, ku ƙarfafa malamanku su rubuta littattafan tauhidi da Hausa. In kuma an turo muku sabon fasto, kafin ku tambaye shi ginin da zai yi, ku tambaye shi abin da zai faɗa wa uwar da ta binne ɗanta.