Kujerar da ba ta barin mutum ya ɗumama ta

Tun daga 2007 babu sanatan Jigawa ta Arewa maso Yamma da ya zarce karo na biyu a jere. Saminu Turaki ya sauka daga gwamna ya hau kujerar a 2007. Da ya nemi tazarce a 2011 a jam'iyyar ACN, Danladi Sankara na PDP ya kayar da shi. A 2015 kujerar ta koma hannun Abdullahi Abubakar Gumel na APC, a 2019 Sankara ya dawo, shi ma yanzu a APC, sai Babangida Hussaini a 2023. Kuma tsarin mulki bai ƙayyade wa sanata wa'adi ba: ga Ahmad Lawan na Yobe ta Arewa, tun 2007 yake zaune daram.

Mai ƙuri'a a Sule Tankarkar ya cancanci sanin dalili. Ba jihar gaba ɗaya ke zaɓen sanata ba, kashi uku aka raba ta. Namu kason ƙananan hukumomi 12 ne, a masarautu uku: Gumel, Kazaure da Ringim. Huɗu daga ciki, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, na ƙasar Gumel ne. Kowace masarauta tana ƙirga rabonta da kujerar, don haka da zarar kakar siyasa ta kama sai ka ji ana cewa "yanzu lokacinmu ne". Sau da yawa kuma tun a zaɓen fitar da gwani ake yanke hukunci, tsakanin daliget da manyan jam'iyya, kafin talaka ya ga takardar ƙuri'a.

Abin da ke damuna shi ne, da wuya aikin sanatan ya shiga wannan lissafi. Aikinsa yin doka ne, da tantance kasafin kuɗi, da sa ido a kan ma'aikatu. A 2023, da aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulki, kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis ta ji jiki, kuma ɗan tireda da mai saniya ɗaya su suka fara kuka. A irin wannan rana ake gane wakili: ya tashi a zauren majalisa ko ya yi gum? Manomin riɗi da zoɓo yana da haƙƙin ya tambayi mai neman komawa Abuja wace doka ya kawo, nawa ya sa a kasafi don ruwan sha, kuma a wane ƙauye aka haƙa rijiyar.